Rage yawan jan hannu ne sirrin iyon nisa, ko kuwa shi ke rage wa mutum gudu?

Kifin_Tiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu iyo. Ga wata magana da nake so mu warware. Ana yawan gaya wa masu shirin tirayatlon, wato gasar da ta haɗa iyo da keke da gudu, cewa duk mai son ya daina galabaita a ruwa ya rage yawan jan hannunsa. Wato idan yana ƙetare mita 25 da ja 24, ya dinga miƙewa yana sulalewa har ya dawo 15 ko 16. Ni ma nan na karkata, domin wanda ya fito daga iyon mita 1,500 yana da keken kilomita 40 da gudun kilomita 10 suna jiransa, duk ƙarfin da ya adana a ruwa riba ce. Amma akwai masu cewa wannan koyarwar ce ke sa mutum ya daskare a minti 2:15 kan mita 100 shekara da shekaru. Wanne ne daidai? Sannan mutumin da ke gudun kilomita 21 a ƙasa lafiya lau amma mita 200 a ruwa ta sa shi haki, daga ina zai fara gyara?

Koci_Bakin_Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Tambayoyi biyu ka haɗa, bari in fara da ta biyun don ita ce gaba.

Hakin da mai gudu ke yi a mita 200 ba ƙarancin ƙarfin huhu ba ne. Yawanci riƙe numfashi yake yi yayin da fuskarsa ke cikin ruwa, sai ya juyo ya so ya fitar da iska kuma ya shaƙa a cikin rabin daƙiƙa. Ba zai yiwu ba. Iskar kabon dayoksaid ta taru a jini, ita ke sa mutum ya ji kamar an shaƙe shi. Gyaran: da zarar fuska ta koma ruwa a fara fesar da iska ta hanci ko ta baki, a hankali, ba yankewa, ta yadda in an juyo shaƙa kawai ta rage. A gwada wannan a wuri marar zurfi: a shaƙa, a saki jiki, a yi ta fesar da kumfa har jiki ya nutse zuwa ƙasa da kansa. Sau biyar kafin kowane atisaye. Wanda ya kasa nutsewa, to har yanzu yana ɓoye iska a ƙirji.

Na biyu shi ne kwanciyar jiki. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka ƙafafun da suka nutse ƙasa kamar birki ne ake ja a baya. Huhu shi ne abin da ke ɗaga mutum, kuma yana sama da tsakiyar nauyin jiki, shi ya sa da an ɗaga kai sai ƙugu ya faɗa. Ido ya kalli ƙasan ruwa ɗan gaba kaɗan, a ɗan danna ƙirji cikin ruwa, ƙeya da ɗuwawu da dunduniya su dinga taɓa saman ruwa.

Gudu_da_Keke:
Koci ya faɗi gaskiya kan ƙafa. Ƙari ɗaya: masu gudu da masu keke idon sawunsu a sandare yake. In yatsun ƙafa suna kallon ƙasan ruwa maimakon baya, bugun ƙafar ba ya tura mutum gaba, wani ma baya yake jansa. Gwaji mai sauƙi: a riƙe allon iyo a yi bugun ƙafa kaɗai mita 25. In an wuce daƙiƙa 45 ko an tsaya cak, aikin yana idon sawu. Zama a kan dunduniya irin na durƙuso, bayan ƙafa a shimfiɗe a ƙasa, minti ɗaya zuwa biyu kullum, da iyo da gajerun filafilan ƙafa, suna sassauta shi cikin 'yan makonni.

Lissafi_Zalla:
Mu dawo kan tambayar farko, Malam Kifin_Tiga. Gudun mai iyo abu biyu ne aka ninka: nisan da ja ɗaya ke kai shi, da yawan ja a minti ɗaya. Ga misali. Mai tafiyar mita 1.3 a kowane ja amma yana ja 46 a minti, yana cin mita 59.8 a minti, wato kusan 1:40 kan mita 100. Wani kuma mita 1.1 kawai yake samu amma yana ja 60 a minti, ya ci mita 66, wato 1:31. A mita 1,500 na farkon zai fito a 25:05, na biyun a 22:44. Na farkon ya fi kyan gani daga bakin ruwa, na biyun ya riga shi hawa keke da fiye da minti biyu.

Matsalar sulalewa mai tsawo ita ce hannu yana tsayawa a gaba babu abin da ke tura jiki. Ruwa ba ya barin mutum ya ci bulus, nan take gudun ke faɗuwa, sai kuma a sake tayar da shi daga ƙasa a ja na gaba. Tashi da tsayawa sau ɗaruruwa ya fi cin ƙarfi a kan tafiya madaidaiciya.

Kifin_Tiga:
Na ji lissafin, amma ai Sun Yang da ya kafa tarihin mita 1,500 a gasar Olympics ta Landan a 2012 da 14:31.02 ja kaɗan yake yi ƙwarai. Ba hujja ba ce?

Lissafi_Zalla:
Hujja ce a kan cewa dogon ja yana aiki ga mutum mai tsawon kusan mita biyu, mai dogayen hannuwa, a ruwan da ba ya motsi. Ka dubi Gregorio Paltrinieri ɗan Italiya, shi ya ci zinaren wannan tseren a gasar Olympics ta Rio a 2016 da hannu mai saurin juyawa, kuma ya ci tagulla a iyon kilomita 10 na buɗaɗɗen ruwa a Tokyo. Hanya biyu, duka sun kai. Kuma Sun Yang ba tsayar da hannu yake yi yana jira ba, ruwan da yake kamawa ne da yawa. Ƙarancin ja sakamako ne na kyan kamu da kyan kwanciya. In aka mayar da shi abin nema kai tsaye sai mutum ya koyi dabarun ha'inci: doguwar turawa daga bango, ƙarin bugun ƙafa, da jira.

Uwar_Ninkaya:
Ban yarda a watsar da ƙirgen ja gaba ɗaya ba fa. Mai ja 28 ko 30 a mita 25 ba saurin hannu ne matsalarsa ba, hannunsa ne ke zamewa a ruwa bai kama komai ba. In ka ce masa ya ƙara sauri ka ƙara masa wahala ne kawai. Irin wannan sai ya sauko kusan 20 zuwa 22 tukuna, gwargwadon tsawonsa, sannan a yi maganar sauri. Mutum mai mita 1.60 bai kamata ya auna kansa da ƙirgen mai mita 1.90 ba.

Amfanin ƙirgen na gaskiya shi ne gane lokacin da salo ya fara lalacewa. A mita 400, in zuwan farko na mita 25 ja 19 ne, na ƙarshe ya zama 25, to gajiya ta wargaza kamun. Gara a yanka atisayen zuwa mita 50 ko 100 da hutu, a riƙe 19 zuwa 21, da a yi ta maimaita kuskure na tsawon mita 1,000.

Agogon_Hannu:
Agogunan iyo suna ba da lambar da suke kira SWOLF, wato daƙiƙoƙin zuwa ɗaya a haɗa da yawan ja. Ja 20 a daƙiƙa 30 ya ba da 50. In ka rage zuwa ja 16 amma ka ci daƙiƙa 36, ka samu 52, ka koma baya ke nan. Sai dai a kula, yawancin agogo hannun da aka ɗaura shi kawai yake ƙirgawa, lambar ja takan zo rabi. Kada a kwatanta da ta wani, a kwatanta da ta jiya a wurin iyo ɗaya.

Koci_Bakin_Ruwa:
Hajiya Uwar_Ninkaya ta taɓo inda aikin yake, wato kamun ruwa. Bari in zayyana.

Hannu ya shiga ruwa a gaban kafaɗarsa, yatsu su fara shiga, tafi yana kallon ƙasa. Kada babban yatsa ya fara shiga, wannan yana murɗa kafaɗa ciki kuma shi ne mafarin ciwon kafaɗar masu iyo. Kada kuma hannu ya tsallaka layin tsakiyar kai zuwa ɗaya ɓangaren, domin jiki zai yi ta lanƙwasa kamar maciji, ƙafafu su wage don daidaita shi.

Bayan shiga, a miƙa hannu gaba a zurfin kamar taƙi ɗaya zuwa biyu ƙasa da saman ruwa, yatsu ƙasa da wuyan hannu, wuyan hannu ƙasa da gwiwar hannu. In yatsu suka ɗago sama tafi ya fuskanci gaba, birki aka taka. Wannan shi ne abin da masu doguwar sulalewa ke yi ba su sani ba.

Sai kamu: gwiwar hannu ta tsaya sama kusa da saman ruwa, tafi da sangalin hannu su karyo ƙasa har su fuskanci baya. Ka ɗauka wata babbar randa ce kwance a gabanka ka ɗora hannu a kanta za ka haye. Daga nan a tura ruwa baya zuwa cinya, a fara a hankali a ƙara sauri zuwa ƙarshe. Wanda ya fizga tun farko ruwan ke tsere masa. Wanda kuma ya danna ruwa ƙasa da miƙaƙƙen hannu kansa yake ɗagawa, ƙafafunsa su nutse, kafaɗarsa ta ɗauki nauyin da ya kamata manyan tsokokin baya na ƙarƙashin hammata su ɗauka.

Atisaye biyu: iyo da dunƙulen hannu mita 25, a buɗe hannu mita 25, sau takwas. Da kuma kaɗa tafin hannu hagu da dama a gaba, gwiwar hannu a sama, soso mai ɗaga ƙafa sama a tsakanin cinya, har mutum ya ji nauyin ruwa a sangalinsa.

Dan_Zinder_Tri:
Koci, faifan hannu fa, wanda ake ɗaurawa a tafi don kama ruwa da yawa? Wasu na cewa shi ke gina ƙarfi da wuri.

Koci_Bakin_Ruwa:
Yana gina ƙarfi a kan salon da ya tarar. In gwiwar hannu faɗuwa take yi, faifan zai ninka nauyin a kan kafaɗa. A fara da ƙarami wanda bai fi tafin hannu da yawa ba, a cire igiyar wuyan hannu a bar ta yatsa kaɗai, don in shigar hannu ta karkace faifan ya fice da kansa. Kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na atisayen rana.

Mai_Kwalekwale:
Duk wannan bayanin na wurin iyo mai bango da layi a ƙasa ne. Gasar kuwa a tafki ko teku ake yi. A can taguwar ruwa da ƙafafun mutane suna tsayar da mai sulalewa cak, shi ya sa ƙwararrun tirayatlon ke juya hannu da sauri, da yawansu sama da ja 75 a minti, kuma suna ɗaga hannu a miƙe ya tsallake taguwa. Sannan wanda ya karkace daga hanya da kashi goma cikin ɗari a mita 1,500 ya ƙara wa kansa mita 150, minti uku ke nan ga mai 2:00 kan mita 100. Babu gyaran kamun da zai dawo masa da wannan a wata ɗaya.

Leƙen hanya: a ɗaga ido kaɗai sama da ruwa kamar kada, hanci da baki suna ciki, a daidai lokacin da hannun gaba ya fara danna ruwa, sai a mayar da fuska a juya gefe a shaƙa. Kada a shaƙa ta gaba. Kowane ja shida zuwa goma, in an tabbatar ana tafiya daidai a tsawaita. A nemi babban abu a tudu bayan balan-balan ɗin da ke nuna hanya a ruwa, bishiya ko gini ko hasumiya, ya fi balan-balan ɗin da ke ɓacewa a bayan taguwa. Don sanin ɓangaren da mutum ke karkata, ya rufe ido ya yi ja goma a layin da babu kowa.

Bin sawun wani kuma halal ne a dokar iyon tirayatlon. A bi kumfar ƙafarsa ba tare da taɓa shi ba, ko a tsaya kusa da ƙugunsa. Amma a ci gaba da leƙen hanya, kada a bi ɓatacce.

Likitan_Unguwa:
Tunda an kawo maganar buɗaɗɗen ruwa, dole a faɗi wannan. Madatsun ruwa da kududdufai da rafuka masu kwanciya a yankinmu da yawa suna ɗauke da tsargiya. Ba sai an sha ruwan ba, tsutsar da ke fitowa daga katantanwar ruwa fata take hudawa ta shiga. Alamar da aka fi sani ita ce jini a fitsari, kuma takan ɗauki makonni kafin ta bayyana. Ruwan da aka sa wa kulorin yadda ya kamata da ruwan gishiri na teku ba sa ɗauke da ita. Wanda ya riga ya shiga irin wannan ruwan ya je asibiti a gwada, maganinta praziquantel ne, likita ke auna shi da nauyin jiki.

Abu na biyu, kan atisayen numfashin da Koci ya bayar: nutsewar fesar da iska daban, gasar riƙe numfashi daban. Kada kowa ya yi ta shaƙa da sauri sannan ya nutse don ya daɗe. Hakan yana kashe alamar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa ba ko motsi, ko da gwani ne.

Mai_Kwalekwale:
Haka ne Likita. Kuma ba a shiga buɗaɗɗen ruwa mutum ɗaya. A ɗauki masunci da kwalekwalensa ya bi gefe, shi ya san inda tsofaffin taruna da kututture suke, da inda dorina ke kwana a wuraren da take. A sa hula mai launi mai haske, a ɗaura balan-balan na ja a ƙugu.

'Yar_Jos:
Tambaya kan numfashi: dole ne sai kowane ja uku, hagu da dama?

Uwar_Ninkaya:
A'a ƙanwata. A koyi ɓangarorin biyu a atisaye, don salo ya daidaita kuma don ranar da rana ko taguwa ko wani mai watsa ruwa ke ɓangaren da kika saba. Amma a gasa, in jiki na neman iska, kowane ja biyu ya fi. Katie Ledecky ma yawanci haka take numfashi a dogayen tserenta. Dabara mai kyau a atisaye: zuwa ki shaƙa ta dama, dawowa ta hagu, kullum kina kallon bango ɗaya. Wajen shaƙar, ido ɗaya ya zauna cikin ruwa, kai ya juya tare da jiki, hannun gaba ya tsaya a miƙe kada ya faɗa. Kan mutum yana buɗa ɗan rami a ruwa kusa da baki, a nan iskar take.

Kuma ga 'yan uwa mata masu sa kayan iyo na rufe jiki: a nemi wanda yadinsa na iyo ne, wanda rigar ke maƙale da wando ta maɓalli ko igiya. Yadin auduga yana shan ruwa ya yi nauyi, riga mai faɗi kuma tana buɗewa kamar lema ta ja mutum baya, har takan naɗe fuska.

Lissafi_Zalla:
Don kada a yi ta gyara salo ba ma'auni, ga gwajin da ake kira CSS, mai nuna gudun da mutum zai iya riƙewa a nisa. Bayan ɗumama jiki a yi mita 400 da iyakar ƙarfi, a huta minti biyar zuwa goma, a yi mita 200 haka nan. A cire lokacin 200 daga na 400 a raba biyu. Misali 8:00 da 3:48, wato daƙiƙa 480 a cire 228, saura 252, rabinsa 126. Gudun atisayenka 2:06 ne kan mita 100. Sai a yi 100 sau goma da hutun daƙiƙa 15, ko 200 sau biyar da hutun 20, ko 400 sau uku da hutun 30 zuwa 40, duka a wannan gudun, na ƙarshe daidai da na farko. A sake gwajin bayan mako huɗu zuwa shida.

Don saurin hannu kuma akwai 'yar na'ura mai ƙara da ake sawa a ƙarƙashin hula, irin Finis Tempo Trainer. Ƙara kowace daƙiƙa 1.00 ja 60 ne a minti, 0.95 kusan 63. A ƙara ja biyu ko uku kawai a lokaci guda. In sauri ya ƙaru lokaci bai ragu ba, kamun ne ya zame, a koma baya.

Dan_Zinder_Tri:
Wuraren iyonmu yawanci na otal ne, ba su kai mita 25 ba. Yaya za a yi gwajin?

Lissafi_Zalla:
A auna da tef, kada a yarda da ƙiyasi. In mita 18 ne, zuwa 22 ya ba da 396, zuwa 11 ya ba da 198. A cire lokutan, a raba da 198, a ninka da 100. Sai dai gajeren wuri yana ba da turawar bango da yawa, lokacin zai fi na tafki kyau. Don kusantar gaskiya a dinga juyawa kafin a taɓa bango a wasu zuwan.

Gudu_da_Keke:
Kan bugun ƙafa a gasa: bugu biyu a kowane zagayen hannu ya wadatar ga mafi yawan masu nisa, daga ƙugu, gwiwa a sake, faɗin bugun bai wuce inuwar jiki ba. Aikinsa riƙe ƙafa a sama da taimaka wa juyawa. A mita 100 zuwa 200 na ƙarshe a ƙara shi don jini ya sauka ƙafa, in ba haka ba jiri kan ɗebi mutum da ya miƙe tsaye.

Kada kuma a dogara da rigar robar da ake sawa don sanyin ruwa ta ɗaga ƙafa. A Ironman, wato tirayatlon mai dogon zango, ana halatta ta ne in ɗumin ruwa bai wuce digiri 24.5 na Celsius ba, kaurinta bai wuce milimita 5 ba. A dokar World Triathlon, hukumar tirayatlon ta duniya, ga masu gasar rukunin shekaru a mita 1,500, an hana ta daga digiri 22. Gasa a ruwa mai ɗumi sai da kwanciyar jikinka. Haka shi ma soson cinya, in rabin atisaye da shi ake yi, ɓoye matsalar yake yi.

'Yar_Jos:
A nan kuwa sanyi ne matsalar, musamman da hunturu. Ruwan sanyi yana sa mutum ya yi ta shaƙa ba shiri a minti na farko. A shiga a hankali, a jiƙa fuska da wuya, a tsaya a fesar da iska cikin ruwa har numfashi ya lafa kafin a fara. Hula biyu tana taimakawa.

Kifin_Tiga:
Allah ya saka da alheri. Amma har yanzu ina ganin mai shirin mita 3,800 na cikakken Ironman, wanda burinsa kawai ya fito kafin wa'adin awa 2 da minti 20 da sauran ƙarfi, dogon ja a natse ya fi masa.

Koci_Bakin_Ruwa:
A natse, na yarda. Da jira a gaba, ban yarda ba. Mutum zai iya yin ja 56 zuwa 60 a minti cikin natsuwa in bai fizga ba, kamar mai keke da ya sa giya mai sauƙi yana juyawa. Ja 45 da tsayawa shi ne giya mai nauyi. Kuma zuwa ruwa sau uku ko huɗu a mako na minti 40 ya fi zuwa sau ɗaya na awa biyu, domin jin ruwa a hannu yana dushewa in an yi kwanaki.

Uwar_Ninkaya:
Ni dai ina nan kan cewa ya danganta da inda mutum ya tsaya. Malam Kifin_Tiga, a sa wani ya ɗauki bidiyo da waya, ɗaya daga gefe, ɗaya daga gaba, a zuwa na shida ko na takwas lokacin da gajiya ta fara, ba na farko ba. A rubuto lokacin 400 da na 200, yawan ja a zuwa ɗaya, tsawon wurin iyon, da tsawon mai iyon. Da waɗannan za a iya cewa sauri ya rasa ko kamu.

Dan_Zinder_Tri:
Kafin a watse, azumi fa? Wane lokaci ya fi dacewa, tunda ruwa kan shiga maƙogwaro?

Likitan_Unguwa:
Hukuncin wannan na malamai ne. Ta fuskar jiki, mai iyo yana zufa a ruwa bai sani ba, kuma ɗaurewar tsoka ko jiri a wuri mai zurfi haɗari ne. Bayan buɗa-baki da awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya fi, a wurin da ke da haske da mai tsaron ruwa. A rage nisa zuwa kamar mita 1,000 ko 1,500, a mayar da watan na gyaran kamu da numfashi, a ajiye gorar ruwa a bakin bango ana kurɓa tsakanin zuwa. Gwajin CSS a bar shi sai bayan salla da mako biyu.